Tambaya da Amsa: An cire min kuɗi, kaya bai zo ba, wa zan riƙe?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar biyan kuɗi a intanet, musamman wannan shafin da ake cilla mutum ciki bayan ya gama zaɓen kaya ya danna wajen biya. Na haɗe waɗanda suke kama da juna, sannan na cire sunayenku da sunayen shagunan da kuka kawo ƙara tunda ba mu ji ta bakinsu ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah tambaya gareni, na shiga wani shafi zan sayi injin markaɗe da tukwane, na gama komai na danna biya sai kawai naga ya kaini wani waje daban an rubuta Paystack, har yana neman lambar katina da fin, ni kuma ba da su nayi ciniki ba wlh sai gabana ya faɗi na rufe wayar gaba ɗaya. Maigidana yace ƴan damfara ne. Shin haka ne? Daga wata uwargida, Tudun Wadan Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoron da kika ji yana da kyau, gara ki dinga jin sa ɗin, amma a nan kam maigida bai canka daidai ba, ki faɗa masa cikin ladabi. Paystack kamfani ne na karɓar kuɗi a madadin masu shaguna, wasu matasa biyu ne Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, a 2020 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 200. Ba shi kaɗai ba ne, akwai Flutterwave da ya zo a 2016, akwai Monnify na mutanen Moniepoint, akwai babban yayansu Interswitch da yake nan tun 2002 wanda shi ne mai katin Verve da Quickteller, ga kuma Remita wanda duk wanda ya taɓa biyan kuɗin makarantar gwamnatin tarayya ya san shi da lambar nan ta RRR. Duk Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ne yake ba su lasisi.

Me ya sa mai tukwane ba zai karɓi kuɗinsa da kansa ba? Saboda karɓar kati ba ƙaramin aiki ba ne, sai an jona da bankuna, a jona da Verve da Mastercard da Visa, sannan a cika sharuɗɗan tsare bayanan katin mutane, ƙaramin shago ina zai iya. Shi ya sa yake ɗauko haya. Kuma in gaskiya za a bi hakan ya fi miki, don lambar katinki cikakkiya ba ta zuwa hannun mai shagon, shi dai ana sanar da shi cewa wance ta biya kaza, sai a zuba masa kuɗin a asusunsa yawanci washegari in ranar aiki ce. Ni da a ce shagon da ban sani ba ne ya buɗe min akwati a shafinsa yace in rubuta lambar kati a nan, shi ne zan fi jin tsoro.

Maganar fin kuma, eh, a Najeriya ana tambaya a irin wannan shafin, musamman masu katin Verve, daga nan bankinki ya turo miki lambar OTP ta saƙon waya ki saka. Abin da za ki duba kafin ki saka komai shi ne adireshin da ke can saman burauza, ki karanta shi harafi bayan harafi ki tabbata sunan kamfanin ne daidai, don ɓarayi suna ƙera shafi mai kama da shi sak, kala ɗaya tambari ɗaya, sai su ƙara harafi ɗaya ko su sauya wutsiyar adireshin. Ki kuma duba sunan shagon da adadin kuɗin sun fito a jikin shafin. Sannan shi saƙon OTP ɗin ki karanta shi kar ki kwafe lambar kawai, wasu bankunan suna rubuta adadin da za a cira a ciki. Shafin biya na gaske ba ya neman BVN ɗinki don kin sayi tukunya, kuma babu wani ma'aikaci da zai kira ki a waya yace karanto min lambar da ta shigo yanzu. Duk wanda ya kira da wannan zancen, ko da ya faɗi cikakken sunanki da na bankinki, ki kashe wayar.

Wani abu da zai iya ƙara ɗaga miki hankali nan gaba, in alat ya shigo wataƙila ki ga sunan kamfanin biyan ne a jiki ko wani suna da aka yi wa shagon rajista da shi wanda ya bambanta da na Instagram ɗinsu. Wannan ma ba komai ba ne in dai adadin ya yi daidai.

TAMBAYA: Malam barka da warhaka. Ni ɗalibi ne, na tara kuɗi na yi odar fawa bank da takalmi a wata babbar kasuwar intanet, na zaɓi biya ta tiransifa suka bani wata lambar akawun na tura, an cire kuɗin alat ya shigo amma shafin yana ta juyawa yana juyawa daga ƙarshe yace ba a biya ba. Na kira kasuwar sunce su basu ga kuɗi ba in je banki, naje banki sunce su kuɗi ya fita daga wajensu in koma can, yau kwana biyar kenan kowa yana turani wajen ɗan'uwansa. Ya zanyi dan Allah? Daga wani ɗalibi a Gombe.

AMSA: Sannu ƙanena, Allah ya fito maka da haƙƙinka. Abin haushin shi ne mai yiwuwa dukansu biyun gaskiya suka faɗa maka, kuɗin ya bar banki kuma bai isa kasuwa ba, yana wajen na ukun da ba ka nema ba, wato kamfanin da ya ba ka lambar akawun ɗin.

Bari in warware maka yadda abin yake. Wannan lambar da suka ba ka ba asusun mai kaya ba ce, lamba ce ta wucin gadi da aka buɗe don odarka kai kaɗai, shi ya sa za ka ga sunan wani banki kamar Wema ko Moniepoint a jiki, kuma sau da yawa da agogo yana ƙirga maka lokaci a gefe, wasu minti 30 suke bayarwa. Na'ura ce take zaune tana jiran kuɗi daidai adadin nan ya faɗo cikin lambar nan kafin lokaci ya cika. To abu uku ne suka fi ɓata lissafin. Ko dai sabis ya yi nauyi kuɗin ya iso bayan agogo ya ƙare, ko mutum ya tura adadin da ba shi ba, an ce 18,350 shi kuma ya ce bari in cike ya tura 18,400 ko ya rage hamsin ɗin, ko kuma wanda ya ajiye tsohuwar lamba a wayarsa ya sake tura mata kuɗi a sabon ciniki. Wannan na ƙarshen ina ganin sa da yawa wajen mutanenmu, don mun saba in ka yi ciniki da mutum sau ɗaya ka adana lambarsa. A nan ba a yin haka, kowace oda da tata lambar.

Abin yi yanzu, ka buɗe manhajar bankinka ka fito da cikakken rasidin tiransifar, ba hoton alat ba. A jiki akwai wata doguwar lamba mai lambobi 30 da ake kira Session ID, ita ce shaidar da NIBSS take bi, wato cibiyar da tiransifar bankunan Najeriya take ratsawa, da ita ake gane inda kuɗi ya tsaya. In ba ta fito a rasidin ba ka ce bankin su ba ka. Sai ka rubuta saƙo ɗaya ka tura wa kamfanin biyan ta imel ɗin taimakonsu, ka sa kasuwar a kwafi, ka rubuta ranar da lokacin, adadin, lambar akawun ɗin da ka tura wa, lambar odarka da wannan doguwar lambar. Kira ta waya ba ya barin shaida, kai dai ka rubuta. In sun gano kuɗin ko dai su sanar da kasuwa ta sake maka oda ko su yi maka ribas ya dawo inda ya fito.

A banki kuma kar ka yarda a sallame ka da baki a kan kanta. Ka ce za ka shigar da ƙorafi a rubuce, a ba ka fom ka cike, kuma a ba ka lambar ƙorafin ka riƙe. Tun watan Yunin 2020 CBN ya ba bankuna umarnin cewa cinikin POS ko na intanet da ya maƙale a warware shi cikin awa 72. Ana bi? Wani lokaci ana bi, wani lokaci kuma sai ka yi ta sintiri har mai gadi ya san fuskarka. Amma ƙa'idar ita ce in mako biyu ya wuce bankin bai warware ba kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne waccan lambar ƙorafin, ka ga amfanin karɓarta.

Ga masu karatu baki ɗaya, in shafi ya tsaya yana juyawa kar ku yi saurin sake biya, ku fara leƙa asusunku tukuna. Da yawa sun biya sau biyu a kan kaya ɗaya saboda haƙurin minti goma ya gagara.

TAMBAYA: Malam ni tawa ta fi ta kowa zafi. Na ga waya a Instagram wajen wani mai shago yana da mabiya da yawa, farashin ya yi sauƙi, nace ina tsoron tura kuɗi akawun ɗin mutum sai yace ai ba matsala shi kamfani ne, ya turo min linki na wani sanannen kamfanin biya, na duba adireshi daidai ne komai daidai har rasidi suka turo min ta imel. Yace za a saka min a mota daga Legas. Yau sati uku babu waya, ya daina ɗaga kira, jiya ma naga ya toshe ni. To ba kamfanin ne ya kamata ya biya ni ba tunda ta hannunsu kuɗin ya bi? Daga wani magidanci, Kurna, Kano.

AMSA: Innalillahi, Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa. Tambayarka ita ce ta sa na ware wannan makon gaba ɗaya ga wannan batu, don abin da ya rufta da kai shi ne yake rufta mutane masu wayo ma, waɗanda ba za su taɓa tura kuɗi akawun ɗin baƙo ba.

Kamfanin biya aikinsa irin na direban tasha ne da ka ba shi saƙon kuɗi ka ce ya kai wa wane a Legas. In ya kai ya damƙa masa ya sauke nauyinsa, ko wanen nan mutumin kirki ne ko zai aiko maka da abin da kuka yi alkawari, wannan ba a cikin kuɗin motar yake ba. Rasidin da ka samu shaida ce cewa kuɗi ya isa, iyakarta kenan. Kuma buɗe asusu a irin waɗannan kamfanoni har a samu linkin karɓar kuɗi ba wani abu ne mai wahala ba, an yi shi ne da gangan don mai sayar da turaren wuta da mai ɗinkin hula su iya, ana neman shaidar mutum da asusun banki amma ba wanda yake zuwa ya leƙa ko akwai waya a shagon. Su macuta sun gane cewa tambarin sanannen kamfani yana kwantar wa mutane da hankali, shi ne suke fakewa da shi.

Akwai wani tsarin daban wanda mutane suke rikita shi da wannan, inda kasuwar ce da kanta take riƙe kuɗin ba ta sakar wa mai kaya sai kaya ya iso hannunka. Da haka aka gina cinikin intanet a Chana, lokacin da Alibaba ya buɗe kasuwar Taobao a 2003 mutane ba su yarda da juna ba, mai saye yana cewa turo kaya mai sayarwa yana cewa turo kuɗi, sai suka fito da tsarin riƙe kuɗi a tsakiya wanda ya zama Alipay a 2004. A Amurka ma eBay, wani babban shafin saye da sayarwa, sai da ya sayi kamfanin biya na PayPal a 2002 saboda masu ciniki a kansa sun riga sun raja'a a kai, kafin su rabu a 2015, kuma PayPal yana ba mai saye kwana 180 ya kai ƙara in kaya bai zo ba. A nan gida Jumia da Konga, waɗanda duk a 2012 suka fara, kuɗinka yana shiga hannun kasuwar ne ita ke sallamar mai kaya daga baya, kuma suna da tsarin mayar da kaya. Jiji kuwa allon talla ne kawai, yana haɗa ka da mai kaya ne, su da kansu suna gargaɗin kar ka biya kafin ka ga kaya. Instagram da Facebook da WhatsApp da TikTok a wajenmu duk sahun Jiji suke, ba mai riƙe maka ko sisi. Don haka tambayar da mutum zai yi wa kansa kafin ya danna ita ce, in na biya yanzu kuɗin nan a hannun wa zai kwana, kuma wa ke da ikon hana shi fita in na yi ihu.

To yanzu kai me ya rage maka? Ba ka faɗa min da me ka biya ba, kuma a nan ne bambancin yake. In da kati ka biya kana da ƙofa, ka je bankinka gobe-goben nan ka ce ka biya kuɗin kaya ba a kawo ba kana so a janyo kuɗin, za su ba ka fom na musanta ciniki. Bankin zai aika ƙarar ta bi ta kamfanin biyan, su kuma su nemi mai shagon ya kawo shaidar cewa ya ba ka kaya, in ya kasa sai a ciro daga kuɗinsa a dawo maka. Yana ɗaukar lokaci kuma yana da wa'adi, shi ya sa na ce gobe. In kuwa tiransifa ka yi to ƙofar ta fi ƙunci gaskiya, don ita tiransifa ba a gina ta da wannan hanyar komowa ba, sai dai bankin ya aika roƙon a dawo da shi ko a sa wa asusun takunkumi, wani lokaci ma sai da takardar kotu, kuma in ya riga ya kwashe sai dai a bi mutum.

Ko ta wacce ka biya, ka rubuta wa kamfanin biyan ka haɗa da lambar cinikin da ke jikin rasidin da hotunan hirarku tun daga farko har inda ya toshe ka. Ba lallai su biya ka daga aljihunsu ba, kar in yi maka alkawarin da ba nawa ba, amma suna da bayanan wanda ya buɗe asusun, suna iya dakatar da shi su riƙe abin da bai riga ya fita ba, kuma in hukuma ta nema za su miƙa. Ka kai rahoto wajen ƴan sanda ka karɓi takarda, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye da ke karɓar ƙorafi. Sannan ka yi hattara da zagaye na biyu, da zarar ka rubuta kukanka a ƙarƙashin shafin wani kamfani a Facebook ko X za ka ga wasu sun biyo ka ta inbos da tambarin kamfanin suna cewa su ne masu kula da kwastoma, turo lambar kati mu mayar maka da kuɗinka. Ɓarayi ne su ma.

Ni ra'ayina a kan waya da kwamfuta da duk wani abu mai tsada daga hannun wanda ba ka sani ba, in ba za a yarda ka biya bayan ka gani ba, ko ka tura wani naka da ke garin ya je ya duba ya karɓa, to ka haƙura ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ka ƙara ƴan dubban nan ka riƙo abarka a hannu.

TAMBAYA: Malam me yasa kaya na 10,000 in nazo biya sai naga 10,250? Cuta ce ko? Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

AMSA: Malama ladan kamfanin biya ne. Misali Paystack yana cajin kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida, ana yafe ɗarin in kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma duk yawan kuɗin ladan ba ya wuce 2,000. Ki lissafa a kan dubu goman ki za ki ga 250 ɗin ce ta fito. Asali mai shago ake caja, wasu su shanye, wasu su cusa a farashi ba ki sani ba, wasu kuma su ɗora miki a fili. Ba sata ba ce in an nuna miki kafin ki biya, amma kina da damar cewa ba ki yarda ba ki nemi wani shagon.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina sayar da kayan mata, jakunkuna da sarƙoƙi, ina so in fara saro kaya daga Chana da kaina. Na fara magana da wani a AliExpress sai yace in muka koma WhatsApp na biya shi kai tsaye zai rage min sosai tunda ba za a cire masa kamasho ba. Wata ƙawata kuma tace in bar AliExpress in koma 1688 ta hannun ejan ya fi araha. Wanne ka ga ya fi? Daga wata ƴar kasuwa, Katsina.

AMSA: Hajiya Allah ya sa albarka a nema. Na farkon dai a'a, kar ki soma. Kamashon da yake so ku kauce wa shi ne kuɗin tsaronki. A AliExpress in kin biya kasuwar ce take riƙe da kuɗin, in kaya bai zo ba cikin wa'adin da aka rubuta ko ya zo ba shi ba ne kina buɗe ƙara a cikin manhajar su duba shaidarki. Ranar da kika fita kika tura masa ta gefe, a wajensu cinikin nan bai taɓa faruwa ba, ba ki da wanda za ki kai wa kuka, mutumin kuma yana wata nahiya. Mai yiwuwa shi ɗin mai gaskiya ne yana son ya tsira da ribarsa, amma ba ki da hanyar sani, kuma ba da jarinki za a yi gwajin ba.

Wasu ƴan abubuwa da suke kayar da mutane ko a cikin manhajar. Kar ki danna cewa kin karɓi kaya alhali ba ki karɓa ba don mai kaya ya lallaɓe ki yace ana riƙe masa kuɗi, wannan dannawar ce take sakin kuɗin, kuma daga nan kwanaki 15 ne suka rage miki na ƙorafi. In kunshin ya iso ki sa wani ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun yana liƙe, a nuno takardar da ke jiki da lambarta, sannan ki yanka ki fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tsayar da ɗauka ba. In an ce jaka 20 sai kika ga 14, wannan bidiyon ne zai yi miki magana. Sannan in kin buɗe ƙara mai kaya ya ce rufe zan turo miki wani, kar ki rufe sai kin ga abin a ƙasa. Ki kuma sani cewa in hukuncin ya zama sai kin mayar da kaya Chana, kuɗin aikawa daga nan kan iya fin kayan, don haka sau da yawa neman a dawo da wani ɓangare na kuɗin ya fi.

Maganar biya, za ki tuna a 2022 bankuna suka yi ta rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje har ya koma dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya saboda ƙarancin dala, shi ya tura mutane ga katunan dala na manhajoji. A watan Yulin 2025 wasu bankuna irin su GTBank da UBA suka sake buɗewa, kowa da iyakarsa, sai ki tambayi naki. Ki dai lura kuɗin da za a dawo miki da shi ta katin da kika biya yake komowa, don haka kar ki rufe katin ko ki watsar da shi alhali kina da oda a hanya, kuma saboda canjin dala yana motsi abin da zai dawo a naira ba lallai ya yi daidai da abin da ya fita ba.

Shi kuma 1688 gaskiyar ƙawarki ce ya fi araha, don kasuwar sari ce ta cikin gidan Chana, da yarensu take kuma da kuɗinsu ake biya. Amma ki gane inda kika tsaya a ciki. Ke naira kike tura wa ejan a nan, shi ne yake biya da asusunsa a can, don haka a idon kasuwar shi ne mai saye, duk wata kariya tasa ce. In kaya ya zo a lalace sai in ya ga dama ya bi miki. Ma'ana amanar gaba ɗaya tana wuyan ejan, to ki nemi wanda wasu ƴan kasuwa da kika sani ido da ido suka daɗe suna aiki da shi, ki tambaya ko yana buɗe kaya ya ɗauko miki hoto a sitonsu na can kafin a ɗoro, ku yi maganar kuɗin kilo da na kwastan a rubuce tun farko, kuma ki fara da ƙaramar oda wadda in ta nutse ba za ta tafi da shagon ba.

TAMBAYA: Malam na taɓa sayen abu sau ɗaya a wata manhaja, jiya sai yarona ya ɗauki wayar ya yi odar abin wasa kuma aka cire kuɗi ba a tambayi fin ba ba OTP. Ta yaya haka ta faru? Daga wani uba, Jos.

AMSA: Alhaji a ranar farko akwai wani ɗan akwati da aka rubuta a adana katin don gaba, ko ka danna shi ko ka same shi a danne ba ka cire ba. Daga nan kamfanin biyan yana ajiye wata alama da ke wakiltar katinka, in an sake ciniki sai a caje ta kai tsaye ba sai an sake neman izini ba, da irin wannan ne ma ake cire kuɗin wata-wata na manhajojin kallo. Ka shiga saitin asusunka a manhajar, wajen hanyoyin biya, ka goge katin. Ita odar in ba a riga an ɗauko ta ba ka soke yanzu, sai dai ka duba ina za su mayar da kuɗin, wasu kasuwannin cikin walat ɗinsu suke zuba shi ba banki ba, sai ka nema da kanka a tura maka asusu. Yawancin manhajojin banki kuma suna da wajen kashe cinikin intanet a kan kati ko sa masa iyaka, ka kashe, ranar da za ka yi sayayya ka kunna. Yaron kuma a yi masa faɗa kaɗan, a sa wa wayar makulli.

Masu tambaya a kan cajin POS da waɗanda suka turo daga Maraɗi da Damagaram kan biyan kaya daga Najeriya da sefa, saƙonninku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.